Babur Mai Sunan Tenere da Babur Mai Iya Tenere

Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma masu ƙera babura a Japan da Italiya sun daɗe da gane amfanin wannan magana a kasuwa. Kamfanin Yamaha ya ɗauki sunan hamadarmu ta gabas da Agadas ya liƙa a jikin tanki, ya kira babur ɗinsa Ténéré. Aprilia ya ɗauki sunan mutanen da ke zaune a cikinta ya kira nasa Tuareg. Honda bai tsaya rowa ba, nahiyar gaba ɗaya ya haɗa ya ce Africa Twin. Duk saurayin da ya ga hotunan waɗannan babura a wayarsa, a Maraɗi yake ko Damagaram ko Tawa, sai ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, kamar an ambaci kakansa da alheri a bainar jama'a. Ba mu ga laifinsa ba. Amma tunda an fara samun masu tara kuɗi da niyyar sayen irinsu, kuma tambayar wanne ya fi tana yawan tasowa a fadojin shayi, ya kamata a zauna a auna su da mudun ƙasar nan.

Abin da muke magana a kai shi ne matsakaicin babur mai fuska biyu, wanda aka ƙera don ya yi gudu a kwalta, in kwalta ta ƙare ya sauka burji, in burji ya ƙare ya shiga rairayi da ƙorama. Girman injinsa daga cc 300 ne zuwa 700 ko ɗan sama da haka. Ya fi ƙarfin Boxer da Haojue na ƴan kabu-kabu, waɗanda galibinsu ba sa wuce cc 150, bai kuma kai zungura-zunguran nan masu cc 1,200 da masu yawon duniya ke hawa ba. Ana gane shi da dogayen ƙafafu, da cikinsa da ya yi nisa da ƙasa, da tayar gaba mai inci 21 wadda ke haye rami maimakon ta faɗa ciki.

A Turai da Amurka irin wannan babur abin nishaɗi ne. Mutum yakan yi aikinsa duk mako, ranar hutu ya fita neman hanyar da ba ta da kwalta. Mu nan hanyar ce ke zuwa ta same mu. Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso da Birnin Ƙonni da Maraɗi ta kai Damagaram, kusan kilomita 900, kwalta ce. Amma ka ratse daga gare ta dama ko hagu, kafin ka yi nisa ka shiga jar ƙasa mai gargada, daga nan sai turbar amalanke. Hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa domin jigilar yuraniyom, ta daɗe da zama abin da ba a iya kiransa kwalta ba a kuma iya kiransa burji, har direbobi kan gwammace su sauka gefe su bi rairayi. Wanda zai hau Timiya ko Iferwan a duwatsun Abzin kuwa, tsakuwa da busassun ƙoramu ne rabonsa. Malamin dabbobi da ke bin makiyaya, da ma'aikacin lafiya mai akwatin rigakafi da ƙanƙararsa ke narkewa, da malamin gona, da ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye huɗu a mako: ga waɗannan, zaɓen babur magana ce ta ko za a isa ko za a kwana a daji.

Yadda sunan ya hau tanki labari ne da ya cancanci a tuna, domin a cikinsa akwai hujja. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata da babur ɗinsa a hamadar iyakar Nijar da Libiya, yana cikin tseren Abijan zuwa Nis. Da aka tsamo shi da rai, maimakon ya rantse ba shi ba hamada, sai ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. Na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Aljeriya ya shigo ta Arlit da Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya da iska ke sanyaya shi. A 1983 tseren ya keta Tenere, guguwa ta tashi ta ɓatar da masu tsere kimanin 40, aka kwana huɗu ana tattaro su. A wannan shekarar Yamaha ya fito da XT600Z, ya raɗa masa suna Ténéré. Agadas ta ci moriyar wancan zamani, marigayi Mano Dayak da masu jagora irinsa sun yi suna a cikinsa. Ƙauyukan da motocin tsere suka banke wa yara kuwa suna da nasu labarin daban. A 2000 barazanar ƴan bindiga ta sa aka kwashi tseren da jirage daga Yamai zuwa Libiya, a 2008 aka soke shi ɗungurungum, daga bisani ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yinsa. Tsere ya tafi, suna ya zauna a jikin tanki.

Ga hujjar da muke nufi. Ténéré na 1983 silinda ɗaya gare shi, ba shi da lagireto, kafireto ke ba shi mai, kuma tankinsa yana ɗaukar kusan lita 30. Waɗanda suka ƙera shi sun ga hamadar da idonsu, sun san abin da take nema: sauƙin gyara da yawan mai. Ténéré 700 na yau, wanda ya fito a 2019, silinda biyu gare shi, ruwa ke sanyaya shi, kwamfuta ke auna masa mai, kuma tankinsa na asali lita 16 ne. Jikan ya gāji suna, amma da za a jera baburan yau a ce kakan ya nuna wanda ya fi kama da shi, wani na gidan Suzuki zai nuna.

Kafin mu kai can, a tambayi madugun da ke kai ayari Bilma ta Faci yadda yake zaɓen raƙumi. Gudu yana can ƙarshen lissafinsa. Yana duba kwana nawa amale zai yi bai sha ruwa ba, wane irin kiwo zai ci bai yi ciwo ba, in ya durƙusa da kaya zai iya tashi, in ya yi rauni akwai maganinsa a cikin ayarin. Dokin Bagazam ya fi shi kyau da suna, amma ba a ɗora masa kantun gishiri. Waɗannan tambayoyi na madugu su ne namu, kuma wadda ta fi nauyi a cikinsu ita ce ta tashi bayan faɗuwa.

Domin duk mai hawa rairayi zai faɗi. Gwani ma yana faɗuwa, bambancinsa da ɗan koyo shi ne sau nawa. Ténéré 700 da mai a cikinsa yana da nauyin kilo kusan 205, wato buhun gero biyu manya da ɗoriya. Tuareg 660 ma nan yake, kilo 204. Kawasaki KLR650 ya ɗan ɗara su. Ko Himalayan na Royal Enfield, da ake ganin ƙarami ne, yana dab da kilo 200. Suzuki DR650 kuwa kilo 166 ne, Honda XR650L bai kai 160 ba, Honda CRF300L kuma 142. Tsakanin DR650 da Ténéré akwai kilo kusan 40, saura kaɗan ya cika buhun siminti. A kan kwalta ba a jin wannan buhu, har ma yakan taimaka, don babur mai nauyi ba ya rawa idan babbar mota ta wuce shi da iska. A cikin rairayi da tsakar ranar watan Afrilu, zafi ya haura digiri 43, ƙafa tana nutsewa, ga jarkar ruwa da ta mai an ɗaure a baya, a nan ake saninsa. Ɗagawa ta farko kowa zai iya. Ta biyu da haki. A ta huɗu ne mutum zai zauna a inuwar babur ɗin da ba shi da inuwa, yana shan ruwan da ya ajiye don gobe. Masu tallan babura ba sa nuna wannan hoton, don a bayan mai hawansu akwai mota ɗauke da mutum biyar.

Kuma nauyi ba a sikeli kaɗai yake ba, har da inda ya taru. Ténéré dogo ne, tankinsa a sama, don haka idan ya fara karkata da wuya a tare shi. Aprilia ya yi dabara a nan, ya sauko da wani sashe na tankin Tuareg ƙarƙashin sirdi, sai ya fi sauƙin juyawa duk da nauyinsu ɗaya. Himalayan mai cc 411 shi ma yana ɓoye nauyinsa, saboda sirdinsa santimita 80 ne kawai daga ƙasa, mutum matsakaici yana kafa ƙafafunsa biyu. Kishiyarsa shi ne XR650L, wanda sirdinsa ya kai santimita 94. In ba Allah ya hore maka tsayin Bororo ba, kowace tsayawa a kan gangara caca ce. Na DR650 santimita 88 da rabi ne, kuma masu ƙera shi sun bar hanyar da makanike zai sauke shi da santimita 4 ba tare da an sayi komai mai tsada ba.

Sai maganar abin da babur zai sha. Tun 2011 matatar Damagaram take aiki, gidajen mai kuma sun yawaita a birane, amma kowa ya san cewa daga ka bar babbar hanya, gidan manka tebur ne da kwalabe a jere cikin rana da ƙura. Wani man mai kyau ne. Wani ya kwana a duron da ya yi tsatsa, wani ya sha raɓa, wani an yi masa gauraye. Inji yana da abin da ake kira matsi, wato yawan yadda fistan ke matse iska da fetur kafin fulogi ya ba da wuta. Gwargwadon yawan matsi, gwargwadon ƙarfin inji, gwargwadon kuma tsirfarsa wajen mai. XR650L yana matsewa kashi 8.3, DR650 kashi 9.5, Ténéré 11.5, Tuareg kuwa har 13.5. Na farkon biyu kamar jaki suke, duk abin da aka zuba musu za su ci su yi aiki. Na ƙarshen ɗan sarauta ne, an raine shi da man Turai.

Kafireto da injekta su ma a nan suke rabuwa. Gaskiya ce injekta ya fi tsimin mai, ya fi saurin tashi da sanyin asuba na hunturu, kuma ba ya shaƙewa idan an hau tudun Abzin. Amma yana dogara da famfon lantarki da ke nutse a cikin tanki, da ƴar matata mai laushi, da batir, da kwamfutar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Datti ya toshe famfon, babur ya mutu, kuma ba a gyara shi da busawa. Batir ya mutu murus, da wuya turi ya tayar da shi. Kafireto kuwa, yaron makanike a Dakwaro ko Tanut ya buɗe ɗaruruwansa a jikin ƙananan babura. Na DR650 ya fi girma ne kawai, amma aikin ɗaya ne: a kwance, a wanke da fetur, a busa, a mayar. Haka ma saitin bawul. Na DR650 da XR650L da tsohon Himalayan da sukudireba da sifana ake yi. Na KLR da Ténéré sai an canza wasu ƴan faya-fayan ƙarfe masu awo, waɗanda ba a samu a kasuwar ƙauye. A yi wa Yamaha adalci: injinsa na cc 689 ya yi suna wajen ƙarko, kuma sai bayan kimanin kilomita 40,000 ake buƙatar duba bawul ɗinsa. Da wuya ya lalace. Matsalar ita ce ranar da ya lalace ɗin, a ina kake.

A wajen zafi ne masu lagireto ke da bakin magana, kuma ba za mu hana su ba. Inji mai dogara da iska yana son gudu; idan aka shiga rairayi mai zurfi ana tafiya da giya ta ɗaya, inji na kuka iska ba ta bugunsa, yakan yi zafin da ke ƙona baƙin mai. XR650L ya fi kowa wannan rauni, don baƙin man da yake ɗauka kaɗan ne. Mai ruwa da fanka ba ruwansa da wannan, muddin lagireto bai fashe ba. Sai dai faɗuwa ɗaya a kan dutse, ko tsinin itace ɗaya, ya isa ya tsiyayar da ruwan, daga nan kuma tafiya ta ƙare. DR650 ya bi tsakiya: iska ce ke sanyaya shi, amma yana da ƴar na'urar sanyaya baƙin mai a gefe, yana kuma fesa man a ƙarƙashin fistan. Sauran maganin kuwa tsoho ne, ayari ya san shi tun kafin a ƙera inji: a yi sammako, a huta da azahar, a tashi da la'asar. A ƙara da yawan juye, da wanke iyakilina kullum a lokacin hazo, don ƙurar hunturu da ta shiga inji takan ci shi kamar gara.

Yanzu ga inda gwaninmu yake da kunya. Tankin DR650 lita 13 ne. A kwalta yana shan kimanin lita 5 a kilomita 100, wato da ƙyar zai haura kilomita 230 kafin ya nemi ƙari, a rairayi kuma lissafin yana lalacewa sosai. Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne. XR650L ya fi shi muni, bai kai lita 11 ba. A wannan fage KLR650 ne amale, da tankinsa na lita 23, da faffaɗan sirdi, da mazaunin kaya mai ƙarfi. In tafiyarka doguwa ce a burji kuma da mutum a baya, shi ne zai fi kyautata maka. Tun 1987 ake ƙera shi, har sojojin ruwan Amurka sun taɓa sa an mayar musu da shi mai shan gas. Amma a rairayi mai laushi nauyinsa yakan nutsar da gabansa, shakazobansa ba na tsalle ba ne, kuma tun samfurin 2022 shi ma ya koma injekta. Ƙarancin tanki kuwa ciwo ne mai magani: ana sayar da tankunan roba na lita 20 zuwa 30 da aka yi domin DR650, kuma ko jarka biyu sun wadatar. Ana iya ƙara wa marar nauyi mai. Ba a iya rage wa mai nauyi ƙarfe.

Ba mu manta da ƙaya ba. Ƙasar aduwa da bagaruwa da farar ƙaya ce wannan, kuma faci shi ne abin da zai fi yawan tsayar da kai, fiye da duk wata lalacewar inji. Tuareg yana zuwa da taya marar tub, wadda ake toshe hudarta cikin minti kaɗan ba a kwance komai ba, kuma wannan babbar ni'ima ce. Amma in dutse ya lanƙwasa bakin garu, iska ta daina zama, sai dai a nemi tub ɗin da aka guda. Sauran galibinsu masu tub ne, aikin da kowane mai faci ya iya. Abin da ba ya da shi shi ne tub mai inci 21, don ƙananan baburan da yake gani masu inci 17 da 18 ne. Saboda haka duk mai irin wannan babur ya riƙa yawo da nasa, kuma in ɗaya kawai zai ɗauka ya ɗauki na gaba, don in ta ɓaci ana iya cusa shi a tayar baya ya kai mutum gari. Ya kuma riƙe famfo, saboda rairayi yana son a rage iska, kwalta da duwatsu suna son a mayar.

A kan kwalta kuwa babu gardama, kuma ba za mu ƙirƙiro ta ba. Ténéré mai ƙarfin doki 72 da giya shida, da Tuareg mai 80, za su ɗauke ka daga Yamai zuwa Maraɗi ka sauka ba ka gaji ba. DR650 mai ƙarfin doki kimanin 40 da giya biyar zai kai ka shi ma, amma hannunka yana zuga, sirdinsa siriri mai tauri kuma ya koya maka haƙuri. Su ma masu silinda biyun ba ragwaye ba ne a daji: a kan Tuareg ne Jacopo Cerutti ya ci tseren Africa Eco Race na 2024, wanda ya ratsa Maroko da Muritaniya ya ƙare a Dakar. Sai dai a tuna cewa duk dare akwai makanikai da ke kwance masa babur su mayar. Kuma ƙarfin doki 80 a hanyar da jaki da akuya da yaro ke fitowa ba sallama, da ramin da ba ya nan jiya, ba lalle ba ne alheri. Abin da hanyarmu ke iya ɗauka lafiya, doki 40 sun ishe shi.

To ina Himalayan? Muna jin tausayinsa muna kuma girmama shi. Na cc 411, wanda ya fito a 2016, ƙarfin dokinsa bai kai 25 ba, ga nauyi. A kwalta ba ya son a matsa masa, a tudun rairayi kuma numfashinsa yakan ƙare. Amma yana da irin halin taraktoci, yana ja a hankali ba ya mutuwa, yana ɗaukar kaya, tankinsa lita 15, kuma farashinsa ya fi kusa da aljihun mutanenmu. An ƙera shi a ƙasar da ta san ƙura da zafi da lodi. Sabon mai cc 452 da ya fito a ƙarshen 2023 ya kai doki 40, da tanki lita 17 da giya shida, amma ya samu haka ne da lagireto da lantarki, wato ya bar gidan talakawa ya kama hanyar gidan su Ténéré. CRF300L kuma, in mutum shi kaɗai yake tafiya ba lodi, babu wanda ya kai shi daɗin sarrafawa a turba, samfurinsa na Rally yana da tanki kusan lita 13 ga tsimin mai. Ɗora masa mutum na biyu da buhu, sai shakazobansa masu laushi su durƙusa. Mu kuwa a nan babur ba ya tafiya da mutum ɗaya sai in ba a samu na biyu ba.

Hukuncinmu ke nan: ga wanda tafiyarsa ta kasu tsakanin kwalta da daji, kuma sau da yawa shi kaɗai ne, DR650 da aka ƙara wa tanki shi ne gaba. Tun 1996 kusan ba a canza masa komai ba, kuma wannan da masu sharhi na waje ke kira tsufa, mu a nan shi ne darajarsa, don kayan gyaran na shekara ashirin da suka wuce suna shiga na bana. Wanda tafiyarsa burji ce mai nisa da lodi, ya dubi KLR ko Himalayan. Wanda kashi takwas cikin goma na tafiyarsa kwalta ce, yana da abokan tafiya da hanyar samo kaya daga waje, Ténéré ba zai ba shi kunya ba.

Sai dai akwai abin da ke iya rushe wannan hukunci, kuma rashin gaskiya ne a ɓoye shi. DR650 ba ya zuwa ƙasar nan ta ƙofar gaba. An daɗe da daina sayar da sabonsa a Turai saboda dokokin hayaƙi, kuma Turai ce hanyar da tsofaffin abubuwan hawa suka saba biyowa zuwa gare mu. A Amurka yake da yawa. Duk wanda ya same shi na hannu ne, tarihinsa kuma sai abin da mai sayarwa ya ga dama ya faɗa. Sarƙarsa da haƙoranta, da faifan kuloci, da takalmin birki, da tayoyinsa, babu ɗaya da ke rataye a shagon kayan babur na unguwa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, jira ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Wannan ciwon bai bar ko ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata ba, amma ya fi cin wanda babu irinsa a gari. Babur uku iri ɗaya a gari guda sun fi wanda ya fi su inganci amma shi kaɗai ne, don ɗaya yakan ara wa ɗaya, makanike kuma yakan saba. Shi ya sa ƙungiyoyin lafiya da na agaji suka daɗe suna riƙe da ƙananan Yamaha irin su AG200 da DT125. AG200 an yi shi ne domin gonakin Ostireliya, sarƙarsa a rufe take ruf ƙura ba ta samunta, yana da mazaunin kaya gaba da baya, kuma ko mace ma'aikaciyar lafiya za ta ɗaga shi. Ba a sa masa sunan kowace hamada ba. Mai niyyar sayen matsakaicin babur ya fara tambayar kansa ko aikinsa ya fi ƙarfin wannan. In bai fi ba, ragowar kuɗin ya sayi hular kwano mai kyau da takalma, waɗanda yawancinmu muke ɗauka kayan ado ne.

Akwai kuma abin da babu takardar talla da za ta faɗa. A ƙasashen da ake ƙera waɗannan babura, mai hawa daji yana tsoron faɗuwa ne kawai. A nan babur ya shiga cikin rikici. A 2015 dokar ta-ɓaci ta hana hawansa a jihar Difa, a farkon 2020 aka yi haka a sassan Tilaberi, saboda a kansa mahara ke zuwa. A kudancin Maraɗi, wajen iyaka, ɓarayin daji su ma da shi suke yawo. Dogon babur mai ƙarfi da ba a saba gani ba yana jan ido biyu: na wanda ke son ƙwace shi, da na jami'in tsaron da ya hango ƙura daga nesa bai san ko wane ne ba. Kafin a tashi, a tambayi hukumar yankin ko an yarda da hawa da kuma awannin da aka yarda, a riƙe takardun duwan da na mallaka a jiki, a rage gudu tun daga nesa da shinge a buɗe fuska. Ita kuwa Tenere kanta, daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, motoci ma a jerin gwano suke shigarta da rakiyar soja, kuma a cikin baburan nan babu wanda tankinsa zai kai shi can.